Ƙafar Fijon Kawu Bitrus

Na'ibawa, Kano
Farkon Agusta

Zuwa ga Kawu Bitrus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kuna lafiya, da gona, da mutanen Kwoi baki ɗaya. Yaya gwiwar taku da sanyin damina? Ni ƙalau nake, sai dai warin fata da ya ƙi barin jikina ko wanka nawa na yi. Har yanzu ina kamfaninmu na sarrafa fata a Challawa, an mayar da ni aikin safe.

Haruna direba na ba wannan takarda, tunda shi kaɗai ne hanyar da ta rage tsakaninmu. Wayar da na saya muku na ji kun jefa ta a akwati, wai me kurma zai yi da waya. To, shi ke nan. Duk ranar da ya sauke citta a Bompai zan je in tare shi.

Kawu, maganar mai gidanmu ce, Malam Sanusi. Jikin ya ƙi. Tun da aka yi masa aiki a ciki bai koma daidai ba, har karatun zaure ya bari. Ya aiko muku ku zo, ya sake aikowa, ku kuma kullum sai an yi girbi. Shekaranjiya ya sa aka kira ni ɗakinsa, ya ce, "Rut, tunda kawun naki ya ƙi, ni zan je. Shekara da shekaru muna gida ɗaya da mutumin nan, ba zan tafi ban ga fuskarsa ba." Ɗansa Usama ya yi ta magiya, ya ce hanyar ba ta marar lafiya ba ce. Malam bai ko kalle shi ba. Ya ce a shimfiɗa masa katifa a bayan Fijonku, don ita kaɗai ce motar da zai iya miƙewa a cikinta. Ta Usama ko akuya aka sa sai ta naɗe ƙafa.

Ga inda matsalar take. Tun da kuka bar mini motar, ranar Lahadi kawai nake fita da ita zuwa coci. Kwanan nan in ta faɗa rami sai a ji gwaf-gwaf daga gaba, sitiyari kuma yana ja hagu. Na kwanta na leƙa. Robar nan da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a ƙafar gaba, bushin, ta tsattsage kamar tsohon silifas. Mutumin da ke da ɗinki a ciki ba zai kai Kwoi da wannan bugun ba.

Kun sa na yi alkawari babu bakaniken da zai taɓa ta. Ban manta ba. Don haka ni zan yi da hannuna, a nan tsakar gida, da akwatin sufanunku. Na ma riga na ɗaga ta a jak. Ku rubuto mini yadda ake yi, ku yi sauri. Ko kuma ku hau gaban motar Haruna ku zo, kowa ya huta.

Taku,
Rut

*

Kwoi
Tsakiyar Agusta

Rut 'yata,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Takardarki ta iso da warin citta da na fata gaba ɗaya. Lafiyata lau, gwiwa tana nan tana tuna mini ina da ita. Gona ta yi kyau, ruwa ne dai ya yi yawa bana. Haruna ya ce kin tsare shi a Bompai kamar 'yar sanda, ko ruwa ba ki bari ya sha ba.

Batun zuwa Kano na gaya miki tuntuni. Injinan saƙa na Sharada sun cinye mini kunnuwa. Ni da Malam hira ce ta haɗa mu. Kowace yamma a ƙofar gida, shi da butarsa ni da rediyona, muna musu a kan komai, har matarsa Hajiya Zulaihatu ta aiko a ce tuwo ya huce. Yanzu in zo in zauna gabansa yana motsa baki, ina gyaɗa kai kamar ƙadangare? Ba zan iya ba. Shi kuma Malam, tun da na san shi kowace damina sai ya kwanta, kaka na yi ya miƙe ya fi kowa cin tuwo. Ki ce masa kada ya taso.

Amma tunda kin riga kin ɗaga motar, kuma na san ba za ki sauke ba, to ki buɗe ido.

Jak ba abin yarda ba ne, kada ki kuskura ki shiga ƙarƙashi shi kaɗai yana riƙe da ita. Kada kuma ki sa bulon siminti, yana fashewa ba sallama. Akwai tsohon turmin Hajiya a bayan kicin, ki kifa shi ki ɗora katako, shi nake sawa. Ki zuba kananzir a kan notuna tun da yamma su kwana suna sha. Ki gama gefe ɗaya kafin ki kwance ɗayan, don in kin manta yadda abu ya zauna ki zaga ki leƙa.

In kin ciro ƙarfen da ke riƙe da taya, wanda ake ce wa lowa'am, ki kai shi nesa da mota, ki hura gawayi ki ƙone tsohuwar robar. Na ce nesa da mota, akwai fetur a tankinta. Zoben ƙarfe zai rage a cikin ramin. Ki yanka shi da zarto a hankali, ki buga ya fita.

Sabon bushin ki je Ƙofar Ruwa da tsohon ƙarfen a hannunki. Za su so su ba ki irin wanda ake yankawa daga tsohuwar tayar tirela, su ce miki ya fi ƙarko. Ƙarko kam yana da shi, amma mota za ta koma amalanke. Kada ki karɓa. Wajen sawa kuma ban da giris, yana cin roba. Sabulu za ki shafa. Ki samo dogon bol da notinsa, da washa biyu, wato faifan ƙarfe mai huda a tsaka, da guntun bututu, ki riƙa juya noti kaɗan-kaɗan, shi zai ja robar ta shiga da kanta. Guduma ba ta da aiki a nan, ki ɓoye ta inda zuciyarki ba za ta kai ki ba.

In kin mayar da komai, ki ɗaure notunan da hannu kawai, kada sufana ta taɓa su. Akwai aiki na ƙarshe wanda mutum ɗaya ba ya yin sa. In kin kai nan ki rubuto in gaya miki. Na san ki da gaggawa tun kina 'yar firamare, in na faɗa yanzu sauran za ki tsallake.

Ki gaida mutanen gida.

Kawunki,
Bitrus

*

Na'ibawa
Ƙarshen Agusta

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata gwiwa da sauƙi. Ni dai raina a ɓace yake, gara in faɗa tun daga sama.

Ranar da na karɓo takardarku, ina shigowa Malam ya hango ta a hannuna. Ya ce, "Me ya ce a kaina?" Na duba gaba, na juya baya. Shafi guda cur a kan roba da sabulu da turmi, shi kuma abin da aka ce in gaya masa bai cika layi ba. Ban iya yi masa ƙarya ba, na karanta yadda kuka rubuta, kada ya taso. Ya mayar da kansa kan matashi. Can ya ce, "Ashe ba ya son ganina." Hajiya ta ce ba haka ba ne, ya ɗaga mata hannu. Sannan ya ce, "To ko yana so ko ba ya so, zan je. Ci gaba da aikinki, 'yata."

Kawu, ku da kakata 'ya'yan wa da ƙani ne kawai, amma ku kuka ɗauko ni kuka kawo ni gidan nan, kuma a gidan nan ban taɓa jin ni baƙuwa ce ba. Ranar nan ce rana ta farko da na ji kunyar haɗa ido da su. Wannan ba ciwon damina ba ne. Hannunsa ya koma kamar kara, rigarsa kamar ta aro. Ban san da wane baki zan faɗa muku ku ji ba.

Aiki kam na yi. Daga Challawa nake dawowa in canza zane in shiga ƙarƙashi, sai magariba ta kore ni. Noti ɗaya ya ƙi, na sa bututu a kan sufana na hau da ƙafa, ya saki ba zato, na tafi da baya na zauna a kwata. Hajiya ta yi dariya har da hawaye, karo na farko tun da aka dawo daga asibiti. Ranar ƙona roba kuwa ba ku gaya mini hayaƙin haka yake ba. Maƙwabta suka shigo da bokitai suna salati, shanyar Hajiya duk ta koma baƙa, sai da na sake wanke mata.

Bushin na farko ya shiga a karkace. E, guduma na ɗauko. Ya lalace, na koma Ƙofar Ruwa, mai shagon ya ce, "Hajiya, ki turo bakaniken naki mana." Na nuna masa farcena, ya miƙo kaya. Na biyu na bi shi da sabulu da haƙuri, ya zauna daram. Sauran duk suka biyo.

Kullum da la'asar Malam yana sa a fito da shi a kujera bakin ƙofa. Shi ke riƙe mini notuna a cikin hularsa, in na miƙo hannu ya zaɓo ya ba ni. Jiya ya ce, "Haka kawunki yake huci in abu ya ƙi." Bai ƙara ambatonku ba.

Yanzu komai ya koma, notuna da hannu kawai kamar yadda kuka ce. Motar tana kan turmi tana jiranku. Likita ya ce tsakiyar wata mai zuwa Malam zai koma a fara masa wani magani, kuma in an fara babu tafiya. Kun ga lokacin da ya rage mana. Mene ne aikin na ƙarshe? Don Allah kada ku ja mini rai.

Rut

*

Na'ibawa
Satumba

Kawu,

Ina gaisuwa, in gaisuwar tana isa. Shiru har yanzu.

Na yi ta zirga-zirga tsakanin Challawa da Bompai har maigadin sito ya gane ni, daga nesa yake kaɗa mini hannu alamar babu. Babu Haruna, babu motarsa, wayarsa a kashe. Sai jiya wani direba ya ce ruwa ya cinye wata kwalbati bayan Kachia, manyan motoci sun yi layi suna jira a cike. Ban ma sani ba ko takardata ta baya ta same ku, ko tana aljihun Haruna tana shan ruwa. Wannan zan ba Maman Albarka ta cocinmu, za ta biki wajenku, ta ce ko a babur ne za ta tsallaka.

Ba na iya zama wuri ɗaya. A wurin aiki an yi mini magana saboda na bar fata ta wuce inji a naɗe. In na dawo in zaga motar, in zauna, in tashi in sake zagawa. Na tambayi mai gyaran injin kamfaninmu ko ya san wani aiki na ƙarshe da mutum ɗaya ba ya yi, ya ce shi dai ya san a ɗaure a tafi. Malam kuma kullum sai ya tambaya, "An gama?" Jiya ko kunu bai shanye ba.

Don haka na daina jira. Na mayar da tayoyi, na sauke ta daga kan turmi, na fita da ita har titin Zariya na dawo. Na bi ta layin nan namu mai ramuka da gangan. Babu gwaf, babu komai, sitiyari ya daina ja. Usama ya ji da kunnensa, ya ce tunda babansa ya kafe, gara shi ya tuƙa. An ɗinka sabuwar katifa daidai bayan motar.

Asabar ta sama za mu taso da sassafe. In ba kwa son ganinsa ku rufe ƙofa. Ya ce ko ƙofar ce zai gani ya dawo.

Rut

*

Kwoi

Rut,

Ubangiji ya tsare. Babu lokacin doguwar gaisuwa.

Takardunki biyu yau suka same ni tare, ɗaya daga hannun Maman Albarka, ɗaya daga aljihun Haruna, ta yi laushi kamar ganye. An cike kwalbatin.

Kin ce kin mayar da tayoyi. Kin ce kin sauke. Kin ce kin zaga gari. Na karanta na sake karantawa, na sa tabarau na fita rana da ita, ban ga inda kika ce kin ɗaure ba. Da hannu kawai suke har yanzu? Za ki hau titin Kaduna da notunan da yatsu suka ɗaure, da Malam kwance a baya? A layin unguwa ba za ki ji komai ba. A kan gudu suke warwarewa, taya ta shige ciki, kuma babu wanda zai tsayar da ita. Kada motar nan ta motsa. Ko ƙofar gida kada ta fita.

Kuma wa ya ce ba na son ganinsa? Hanya nake nufi, hanya! Ni da na san ramukan Kachia, zan ce mai ɗinki ya biyo ta? Ke da kika yi makaranta, haka ake karanta wa marar lafiya takarda? Tun ɗazu nake zagaya ɗaki, na rasa inda zan sa kaina.

Haruna yana lodi yanzu. Ya ce zai tsaya Zariya ya sauke rabi, wataƙila ya kwana, wataƙila ya wuce. Da wataƙila za a tare mota? Mutumin da ya riƙe takarda har ta yi laushi, shi zan ba wannan?

Ba zan ba shi ba. Na ɗauki hulata. In ya kwana a Zariya ni zan hau bas.

Bitrus

*

Na'ibawa
Litinin da safe

Rut 'yata,

Ina kwana. Na ga fitarki aiki ta taga, ban tsayar da ke ba. Zan tura wannan ta ƙarƙashin ƙofarki. Kada ki yi dariya don ina rubuta miki takarda alhali ɗakinki yana kallon nawa. Ku kuka ce in na yi raɗa har masu shago a bakin titi suna ji, maganar nan kuwa ba na so ta shiga ɗakin Malam.

Da farko, aikinki ya yi. Bushin ɗin sun zauna daidai, ban sami abin gyarawa ba, kuma na nema. Notunan ma ashe kin ɗaure, har da ƙyar na kwance su. Da kin ƙara kalma ɗaya a takardarki da ban sha girgizar motar citta ba. Sai dai kin ɗaure su ne motar tana rataye a kan turmi. In aka yi haka, ana sauke ta robar za ta murɗe, ta zauna a murɗe, kafin kaka ta tsage a koma gidan jiya. Roba ana kulle ta ne a inda mota ke zama da kayanta, tayoyi a ƙasa, mutum a ciki. Wannan shi ne aikin da mutum ɗaya ba ya yi.

Ke kina makaranta lokacin da nake irin wannan aikin, shi ya sa ba ki taɓa gani ba. Malam ne mutumina. Bai iya tuƙi ba, bai taɓa son koyo ba, amma duk sanda na taɓa ƙafar motar nan sai in kira shi ya zauna a kujerar direba da carbinsa. Ina kwance a ƙasa, hannuna tsakanin taya da jikin mota. Yana zama sai in ji ta sauko ta danne mini yatsu, daga nan in ɗaure. In na fito sai in ce masa ya ƙara ƙiba, Hajiya ta rage man shanu. Shi kuma ya ce motar ce ta tsufa. Haka muke yi kowane karo, ba mu taɓa canza ko kalma ba.

Jiya kin ga yadda aka yi. Ranar da na iso Malam ya riƙe hannuna ya ƙi saki, amma yana cikin bargo, ɗakin kuma da duhu, na ce a raina ramar jinya ce. Jiya da na kwance notunan shi da kansa ya nuna kujerar. Usama ya ɗauko shi. Ni ina ƙasa, hannuna a inda na saba sawa, ina jira. Na jira. Na ɗauka ba a ajiye shi ba tukuna, sai na leƙo ta ƙarƙashin ƙofa. Babu ƙafafunsa a waje. Yana ciki, Rut. Motar ba ta san an zauna ba.

Shi ne kika ga na daɗe ban motsa ba, kika ɗauka noti ne ya ƙi, kika turo mini kananzir. Ba noti ba ne. Kin rubuta mini, na karanta, ban yarda ba. Na ce yarinya ce, tsoro take ji. Ina zaune ina jiran girbi.

Buhun masarar Hajiya da na yafito Usama ya sa a bayan kujera, ba gwajin kayan tafiya ba ne kamar yadda na ce muku. Sai da aka sa shi motar ta sauko ta taɓa yatsuna, sannan na ɗaure. Malam idonsa a rufe lokacin. Ko ya ji an sa ko bai ji ba, bai nuna ba.

Da na fito na kaɗe riga, na same shi yana kallona, yana jira. Na san abin da yake jira. Na ce, "Malam, ka ƙara ƙiba!" Kin ce har kajin maƙwabta sun watse. Ya yi dariya har tari ya kama shi, bakinsa ya motsa. Ban ji ba, amma wannan amsar ba sai na ji ta ba. Hajiya ce ta juya ta shige ɗaki.

Gobe in kin taso aiki ki biya Bompai. Ki ce wa Haruna kada ya jira ni. In zai dawo ya taho mini da akwatina da Littafi Mai Tsarki, yana kan taga, maƙwabcina kuma ya duba mini gona, abin da ya samu ya samu. Kwoi babu wanda zai je. Ranar komawa asibiti ni zan tuƙa, ki gaya wa Usama kada ya yi mini musu, ba zan ji ba. Da yamma zan zauna wurin Malam, ya yi ta magana, ni kuma in gyaɗa kai.

Buhun nan ki bar shi inda yake. In Hajiya tana bukatar masara, a sauke lokacin da ba ya bakin ƙofa.

Kawunki,
Bitrus